Lauya, soja ko ɗan majalisa: wace ƙofa ya kamata ka fara ƙwanƙwasawa?

Akwai matasa da dama da zuciyarsu ke rabuwa uku idan ana maganar abin da za su zama. Rigar lauya tana burge su, kakin soja yana burge su, kujerar majalisa ma tana yi musu ƙyalli daga nesa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin duka ukun a kan doka da iko suke juyawa: ɗan majalisa ya tsara doka, lauya ya yi jayayya a kan ma'anarta, soja ya tsare ƙasar da dokar ke aiki a cikinta. Wanda ɗaya ya ja hankalinsa da wuya sauran biyun su ƙyale shi.

Tarihi cike yake da mutanen da suka haɗa ukun a rayuwa guda, kuma daga rayuwarsu na ɗebo yawancin abin da zan faɗa. Abin da na lura da shi shi ne bi da bi suka yi, don taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku. Jerin da kowannensu ya bi kuwa shi ya fi yanke masa yadda ƙarshensa ya kasance. Saboda haka tambayar da zan taya ka amsawa ita ce: wanne za ka fara, kuma me za ka rasa idan ka jinkirta sauran? Ina cewa "kai" ne don sauƙin magana, amma duk abin da ke nan ya shafi mace daidai da namiji.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Abu biyar zan duba. Na farko farashi, wato kuɗi da shekarun da za ka zuba kafin ka ga kwabon farko, da kuma wanda zai biya. Na biyu sauƙin shiga, musamman ranar da ƙofar ke rufewa, domin wannan ne matasa suka fi yin sakaci da shi. Na uku ɗorewa: wa ke da ikon raba ka da aikin, kuma da wane dalili? Na huɗu haɗari, na rai da na dukiya da na mutunci. Na biyar 'yancin kai: bakinka da lokacinka naka ne, ko na wani? A gefe guda kuma zan riƙa tambayar me ke saura a hannunka ranar da ka bar aikin, da son ranka ko ba da son ranka ba.

Aikin lauya

Lauya shi ke biyan kuɗin zama lauya, kuma yana biya tun kafin ya san ko aikin zai karɓe shi. A Amurka sai ka yi digirin farko na shekara 4, ka ƙara shekara 3 a makarantar shari'a, sannan ka zauna jarrabawar da kowace jiha ke shiryawa kafin ta ba ka lasisi. Da yawa suna fitowa da bashin karatu mai nauyi a wuyansu. A Najeriya shekara 5 ne a jami'a da shekara 1 a makarantar horar da lauyoyi da aka kafa a 1962. A Ingila aikin ya kasu biyu: barista mai tsayawa gaban manyan kotuna, wanda dole ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen lauyoyi huɗu na Landan kuma ya yi shekara guda yana koyon aiki a ƙarƙashin wani, da lauyan ofis wanda ake nema ya ci jarrabawa ya kuma nuna shekara 2 na aikin gogewa. A Faransa, bayan jami'a da jarrabawar shiga, akwai wata 18 a makarantar lauyoyi. Duk inda ka je dai, ka sa a ranka shekara biyar zuwa bakwai.

Akwai kuma farashin da ba a rubutawa a takardar neman shiga. Shekarun farko na sabon lauya na ɗaukar fayil ne, da bin manya zuwa kotu, da tashi a ce "muna roƙon a ɗage zama", a kan albashin da bai kai wahalar ba. Wanda ya shiga don ya ga manyan lauyoyi da manyan motoci, a nan yake fara cizon yatsa. A Najeriya ma sai ka shekara 10 kana aikin kafin a saurare ka a batun muƙamin babban lauya.

Amma ƙofar nan ba ta da ranar rufewa, kuma wannan ce babbar falalarta. Ɗan shekara 40 yana iya komawa aji ya fito lauya. Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, bai taɓa shiga makarantar shari'a ba. Littattafai ya ara ya karanta da kansa, ya sami lasisi a 1836 yana da shekara 27. Yau wannan hanya ta kusa toshewa, ko da yake 'yan jihohi a Amurka irin su California da Virginia har yanzu suna barin mutum ya koyi aikin a ofishin lauya maimakon makaranta.

Wajen ɗorewa babu na biyunsa a cikin ukun. Ba a kayar da lauya a zaɓe, ba a yi masa ritaya don an naɗa na ƙasa da shi. Lasisinsa yana hannunsa har sai ya ɓata da kansa, misali ya ci kuɗin wanda yake karewa ko ya yaudari kotu, a nan kwamitin ladabtarwa zai soke sunansa. In ba haka ba, yana iya aiki har tsufa, kuma furfura a wannan sana'a ƙara masa daraja take yi. Sai dai lasisin ba ya tsallaka iyaka da sauƙi. Wanda ya ƙware a tsarin shari'a irin na Ingila, idan ya koma ƙasar da ke bin tsarin Faransa, kusan sabon ɗalibi ne. Ga kuma manhajojin kwamfuta da suka fara cinye ƙananan ayyukan da sababbin lauyoyi ke koyon aiki da su, irin binciken hukunce-hukunce da tsara takardun yarjejeniya.

Haɗarinsa yawanci na aljihu ne da na gajiyar ƙwaƙwalwa, amma ya danganta da shari'ar da ka zaɓa. Lauyan kamfanoni yana barci lafiya. Lauyan da ya ɗauki shari'ar da masu mulki ba sa so kuwa, ya shirya jakarsa: Gani Fawehinmi ya sha shiga da fita gidan yari a zamanin mulkin soja. A birnin Quetta na Pakistan, harin bam da aka kai wani asibiti a watan Agustan 2016 ya hallaka lauyoyi masu yawa da suka taru bayan an harbe shugaban ƙungiyarsu. Akwai kuma nauyin kare wanda jama'a suka tsana. A 1770 John Adams ya tsaya wa sojojin Birtaniya da suka harbe mutane a Boston, a lokacin da garin ke neman jininsu. Aka sallami shida daga cikin takwas, shi kuma daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu. Ba kowa ke fita da irin wannan sa'a ba.

'Yanci kuwa, lauya ya fi sauran biyun. Yana iya buɗe ofishinsa, yana iya sukar gwamnati, yana iya sauya fanni. Abin da ya ɗaure shi amanar sirrin wanda yake wakilta ce, da biyayya ga kotu. Baristan Ingila ma yana da wata ƙa'ida da ta hana shi ƙin karɓar shari'a don kawai ba ya son mai ita.

Aikin soja

A nan lissafin ya juye. Gwamnati ke biyan kuɗin karatunka, ta ciyar da kai, ta tufatar da kai, har ta ba ka alawus kana ɗalibi. Makarantar hafsoshi ta West Point a Amurka, wadda aka kafa a 1802, ba ta karɓar kuɗin makaranta; shekara 4 ake yi, amma ka sa hannu za ka yi aƙalla shekara 5 a bakin aiki bayan ka fito. Sandhurst ta Birtaniya mako 44 take horar da hafsoshinta, Saint-Cyr ta Faransa shekara 3, Najeriya kuma tana da tata a Kaduna tun 1964. Ga ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa da lafiya, babu wata hanya cikin ukun da ta kai wannan sauƙi ga aljihun iyaye. Da jikinka da shekarun ƙuruciyarka kake biya.

Kafin mu ci gaba, a rarrabe tsakanin shiga a kurtu da shiga a hafsa. Hanyoyi biyu ne daban, da albashi daban, da makoma daban. Akan tsallaka daga ta farko zuwa ta biyu, amma ba kowa ke samu ba. Mai tunanin wata rana zai karanta shari'a ko ya nemi kujera, ya fi masa ya nemi hafsa tun farko, domin a can ake koyon jagoranci da rubutu da tsara aiki.

Wannan ce ƙofar da ke rufewa da wuri, kuma idan ta rufe ta rufe ke nan. West Point ba ta ɗaukar wanda ya cika shekara 23 a farkon watan Yulin shekarar shiga, ba ta ɗaukar mai aure ko mai ɗan da yake ɗauke da nauyinsa. Sauran ƙasashe ma iyakarsu ba ta yi nisa da haka sosai ba. Sannan ga gwajin likita, inda asma ko raunin gani ko ciwon zuciya da ba ka ma san kana da shi ba zai iya mayar da kai gida. Jarrabawar ma ba wasa ba ce. Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, sai a karo na uku ya sami shiga Sandhurst. Wanda ya ce bari ya gama shari'a ya yi 'yan shekaru yana aiki sannan ya shiga soja ta hanyar da kowa ke bi, zai tarar an kulle.

Ɗorewar aikin soja tana da fuska biyu. Albashi yana zuwa ƙarshen wata, ga gida a bariki, ga asibiti, ga fansho. A Amurka shekara 20 na aiki ke ba ka cikakkiyar damar fansho. Amma tsarin muƙamai kamar dala yake, ƙasa faɗi sama tsini. Laftana da kyaftin suna da yawa, kanar kaɗan ne, janar kuma a ƙirga da yatsu. A sojan Amurka, hafsan da aka tsallake shi sau biyu wajen ƙarin girma yawanci hanyar fita ake nuna masa. A Najeriya an saba idan aka naɗa hafsan hafsoshi, waɗanda suka girme shi a aiki su ajiye kaki. Ma'ana, mutum na iya samun kansa a gida yana da shekara arba'in da 'yan kai ko hamsin, 'ya'ya na makaranta, ƙarfinsa bai ƙare ba. Abin da zai ci da shi a lokacin ya danganta da sashen da ya yi aiki: injiniya, likita, ma'aikacin sadarwa da mai kula da sufuri da kayan aiki suna samun masu nemansu a waje, sojan ƙasa zalla kuwa sai ya sake koyon wata sana'a.

Batun haɗari ba ya buƙatar ado. Daniel Inouye da Bob Dole, sojojin Amurka biyu, duka burinsu su zama likitoci. A watan Afrilun 1945, makonni kaɗan kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare a Turai, aka raunata su a tsaunukan Italiya, mako guda tsakani. Inouye ya rasa hannun dama ɗungurungum, Dole kuma hannunsa na dama ya shanye, ya shafe sama da shekara 3 yana jinya. A wani asibitin soja a jihar Michigan suka haɗu. Aikin likita ya fita daga lissafi, sai dukansu suka koma karatun shari'a, kuma daga ƙarshe suka zauna majalisar dattawa tare shekara da shekaru. Labarin yana da daɗin ji saboda sun rayu. Abokan yaƙinsu da yawa ba su dawo ba. Akwai kuma raunin da ido ba ya gani, na firgita da rashin barci, da raunin da iyali ke ɗauka saboda yawan canjin wurin aiki da doguwar rabuwa.

Wajen 'yanci, soja ne ƙarshe. Ba ka ajiye aiki ranar da ka ga dama, ba ka zaɓar inda za a tura ka, kuma bayan dokar ƙasa akwai dokar soja da kotun soja a kanka. A Amurka laifi ne hafsa ya furta kalaman raini ga shugaban ƙasa ko majalisa. Janar Douglas MacArthur, duk da sunansa, shugaba Truman ya sauke shi a watan Afrilun 1951 saboda ya fito fili yana saɓa wa manufar gwamnati kan yaƙin Koriya. Wani abin da ya fi wannan nauyi: ana bukatar ka yi biyayya, amma tun shari'ar Nuremberg bayan yaƙin duniya na biyu, cewa "umarni aka ba ni" ba ya wanke wanda ya aikata laifin yaƙi. Gaba kura, baya sayaki.

Kujerar majalisa

A takarda, wannan ta fi kowace sauƙi. Babu jarrabawa, babu gwajin likita, babu digiri. A Birtaniya da Faransa ɗan shekara 18 na iya neman kujerar majalisar wakilai. A Amurka 25 ne ga wakilai, 30 ga dattawa. A Najeriya an sauko da ta wakilai zuwa 25 a 2018, ta dattawa tana 35, kuma shaidar karatun sakandare ta wadatar, sai dai dole jam'iyya ta tsayar da kai.

A aikace kuwa ita ce mafi tsada, kuma ita kaɗai ce farashinta ba shi da iyaka, ba a kuma mayar wa wanda ya faɗi kuɗinsa. Ɗalibin shari'a da ya biya kuɗin makaranta ya dage zai fito da takarda. Ɗan takara na iya sayar da gida da gona ya tashi a tutar babu. Ƙasashe sun bambanta sosai a nan. A Birtaniya fam 500 kake ajiyewa, a mayar maka idan ka sami kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u, kuma doka ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe a mazaɓarsa. A Amurka, tun hukuncin kotun ƙoli na 1976, ba a iya hana ɗan takara kashe kuɗinsa yadda ya so, kuma kujerar wakilai da ake fafatawa a kanta tana cin miliyoyin daloli, alhali albashin kujerar dala 174,000 ne a shekara tun 2009. Ka ga dole a nemi masu ba da gudummawa, kuma mai ba ka kuɗin yaƙin neman zaɓe ba sadaka yake yi ba. Ƙofar gaskiya ma ba ranar babban zaɓe take ba, tana wajen zaɓen fid da gwani, inda 'yan tsirarun mutane da iyayen gidan jam'iyya ke yanke wanda zai riƙe tuta.

Ni a ganina kuskure ne a kira zama ɗan majalisa sana'a. Kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ɗan majalisar wakilan Amurka kowace shekara 2 yake komawa gaban masu zaɓe, wato ranar da aka rantsar da shi ya fara neman kuɗin zaɓe na gaba. 'Yan majalisar Faransa da aka zaɓa a 2022 don wa'adin shekara 5, a watan Yunin 2024 shugaban ƙasa ya rushe majalisar suka koma neman ƙuri'a. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Birtaniya ta ci kujeru 365 a 2019, ta dawo da 121 a 2024. Cikin waɗanda guguwar ta kwashe akwai masu ƙwazo da ba su yi laifin komai ba sai na zama a jam'iyyar da aka gaji da ita. Churchill kansa ya sha kaye a mazaɓar Dundee a 1922. Inda kuma ake juyin mulki, a lura da wanda ake fara kora: a Najeriya a 1966, 1983 da 1993, a Nijar a Yulin 2023, soja suka karɓi iko, kotuna suka ci gaba da zama ko da an rage musu ƙarfi, majalisa ce aka sa wa kwaɗo. Akwai irin su Inouye da ya zauna majalisar dattawa daga 1963 har rasuwarsa a 2012, amma ba da irinsu ake auna aikin ba.

Aikin kansa ma ba jawabi ne a zauren majalisa kullum ba. Zaman kwamiti ne, da duba kasafin kuɗi layi-layi, da sauraron koken mutanen mazaɓa da ba ya ƙarewa. A majalisar Amurka dubban ƙudurori ake gabatarwa a kowane zango na shekara 2, 'yan ɗaruruwa ke zama doka. Mai son ganin sakamakon aikinsa da sauri zai sha takaici.

Haɗarin farko na mutunci ne: za a tone tarihinka, a zagi iyayenka, a jingina maka abin da ba ka yi ba, kuma iyalinka za su sha tare da kai. Na biyu bashi. Na rai ma yana nan, har a ƙasashen da ake ganin suna da zaman lafiya; an kashe Jo Cox a 2016 da David Amess a 2021, duka 'yan majalisar Birtaniya, a mazaɓunsu, wajen ganawa da jama'a. 'Yancin baki kuwa abin mamaki ne. A cikin zaure kana da rigar kariya, ba a kai ka kotu kan abin da ka faɗa a can, al'adar da Ingila ta rubuta a doka tun 1689 kuma ƙasashe da yawa suka gada. Amma ranar kaɗa ƙuri'a, mai tsawatarwa na jam'iyya yana tsaye, kuma wanda ya saba bijirewa ya san tikitinsa na gaba yana rawa.

| Ma'auni | Lauya | Soja | Ɗan majalisa |
|---|---|---|---|
| Wa ke biya | Kai da iyayenka | Gwamnati | Kai da masu mara maka baya |
| Lokacin shiri | Shekara 5 zuwa 7 | Kusan shekara 1 zuwa 4 ko 5 | Ba ƙayyadadde |
| Ranar rufe ƙofa | Babu | Farkon shekaru ashirin, ko kaɗan bayan haka | Babu |
| Wa ke iya raba ka da shi | Kwamitin ladabtarwa, in ka yi laifi | Manyanka, likita, tsarin ƙarin girma | Masu zaɓe, jam'iyya, kotu, masu juyin mulki |
| Babban haɗari | Talaucin shekarun farko | Rai da lafiya | Bashi da zubewar mutunci |
| 'Yancin kai | Mai yawa | Kaɗan ƙwarai | Matsakaici |
| Abin da ke saura in ka bari | Lasisi da ilimi | Fansho da horo | Suna da sanayya |

Idan kana son haɗa biyu ko uku

Soja da majalisa ba sa haɗuwa lokaci guda, kuma doka ce ta raba su. Dokar Birtaniya ta 1975 ta hana sojan da ke bakin aiki zama a majalisar wakilai, tsarin mulkin Amurka ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnatin tarayya zama ɗan majalisa, na Najeriya kuma ya ce ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe. Wanda ya fi shahara da ƙoƙarin riƙe biyun shi ne Edward Baker, lauya kuma sanatan jihar Oregon ta Amurka, aminin Lincoln har Lincoln ya sa wa ɗansa sunansa. Yana sanata ya ja runduna a yaƙin basasa, aka kashe shi a Ball's Bluff ranar 21 ga Oktoban 1861. Shi kaɗai ne sanatan Amurka da ya mutu a fagen fama yana kan kujera.

Lauya da soja kuwa suna haɗuwa lafiya lau. Rundunoni suna ɗaukar lauyoyi a ba su muƙamin hafsa, su yi aiki a kotun soja su kuma ba kwamandoji shawara kan dokokin yaƙi. Sojan Amurka na da wannan sashe tun 1775, kuma iyakar shekarun shiga ta nan ta fi sassauci. Lindsey Graham ta nan ya bi, lauyan sojan sama ne kafin ya shiga majalisar wakilai a 1995 da ta dattawa a 2003.

Lauya da majalisa su ne suka fi dacewa da juna, kuma Lincoln ne shaida. Ya yi 'yan watanni a rundunar sa-kai a 1832, abokansa suka zaɓe shi kyaftin, bai ga yaƙi ba, har daga baya yana yi wa kansa ba'a cewa da sauro ya gwabza. A shekarar ya nemi majalisar jihar Illinois ya faɗi, ya ci a 1834, ya yi zango ɗaya tak a majalisar wakilai ta tarayya daga 1847 zuwa 1849. Da kujera ta ƙare bai yi zaman jiran a tuna da shi ba, ofishinsa na lauya ya koma, shi ya ciyar da shi har ya sake faɗuwa takarar sanata a 1858, ya ci shugabancin ƙasa a 1860. Ɗan majalisar da ke da ofishin komawa yana iya cewa a'a. Wanda ba shi da shi, kujerar ce abincinsa, kuma kowa a jam'iyya ya san haka.

Tsohon soja a majalisa yana da nasa gwajin: ya saba ba da umarni, yanzu sai lallashi da ciniki. Andrew Jackson, lauya kuma daga baya janar, bai cika shekara guda a majalisar dattawan Amurka ba ya ajiye a 1798. David Mark kuwa, birgediya janar mai ritaya, ya shugabanci majalisar dattawan Najeriya daga 2007 zuwa 2015. Ana iya koya, amma ba kaki ke koyar da shi ba.

Wa ya dace da wanne

Idan shekarunka ba su wuce 22 ba, lafiyarka ƙalau, gidanku ba za su iya ɗaukar nauyin shekara shida na jami'a ba, kuma ka tabbata za ka iya bin umarnin wanda ba ka yarda da ra'ayinsa ba, fara da soja, a matakin hafsa. Shari'a za ta jira ka. Inouye da Dole da tallafin karatun tsofaffin sojoji na dokar Amurka ta 1944 suka yi nasu. Ka zaɓi sashen da ke da amfani a waje, ka kuma karanta takardar alƙawarin shekarun aiki kafin ka sa hannu.

Idan kai mai gardama ne, mai son karatu, wanda "me ya sa" ba ta barin bakinsa, ko kana da lalurar da likitan soja ba zai wuce da ita ba, ko kana da iyalin da ba za ka iya barinsu wata da watanni ba, shari'a ce taka. Ka tanadi abin da za ka rayu da shi shekara uku na farko bayan lasisi.

Idan kakin ne ke ranka amma kana tsakiyar karatun shari'a, kada ka yar da karatun. Gama, ka nemi shiga a matsayin lauyan soja, ka binciki iyakar shekarun ƙasarka tun yanzu.

Idan kuma majalisa ce burinka na asali, kada ka mayar da ita matakin farko. Sami sana'ar da za ka koma, shiga jam'iyya tun daga mazaɓa, yi wa wani ɗan takara aiki zaɓe guda ka ga yadda kuɗi ke fita, sannan ka gwada ƙaramar kujera. Dole daga majalisar jihar Kansas ya fara, ya yi shekara 8 yana lauyan gwamnatin gundumarsu, kafin ya tafi Washington a 1961. Kafin ka sayi fom, rubuta adadin da za ka iya rasawa gaba ɗaya ba tare da an taɓa gidan da iyalinka ke kwana ba, ka ba matarka ko mijinki takardar ta riƙe.